Wasiƙar da Ban Jefa Ba

Bana ruwa ya yi mana yaji. Yau kwana goma sha tara rabonmu da ɗigo, gero kuwa ya riga ya fito ya kai tsawon tafin hannu, yanzu tun da hantsi yake naɗe ganye. Kullum da la'asar hadari yakan taso ta wajen Baure, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Ni da tsufa ya zaunar, ba ni da aikin da ya wuce zaman zaure da kallon gabas.

Ina wannan zaman ne shekaranjiya Rabi ta shigo da littafinta. Jikar yayana ce, marigayi Lawal, 'yar 'yarsa Binta, tana ajin ƙarshe a sakandare. Ta san na yi shekara talatin da biyar ina koyar da Turanci, don haka duk aikin da ya gagare ta, kaina take saukewa.

"Tsoho, tashi ka yi amfani," in ji ta. "An ce mu rubuta jimlar da ke gwada lokaci biyu. A buɗe da bara, a sa waƙafi, a rufe da amma bana."

Na ce, "Ke da kika ce kin fi ni Turanci? Kawo in gani."

Rabin farko ta rubuta shi daidai, ba abin gyara: bara ruwa ya sauka da wuri. Ta sa waƙafinta, ta rubuta amma bana, sai ta bar sauran layin fari fat. Na tambaye ta ina ƙarashen.

Ta ce, "Kaka, tsoro nake ji. Kada in rubuta babu ruwa, ya zama na yi wa damina baki."

Dariya na so yi, amma ba ta fito ba. Na riƙe littafin ina kallon wannan farin wurin, sai ga ni a wani zauren, shekara hamsin baya, da alƙalami a hannu, mahaifina yana zaune a gabana yana tufka igiya.

Gidanmu yana wani ƙauye ne tsakanin Zango da Babban Mutum, ba nisa da iyaka. Mahaifinmu, Malam Ibrahim, manomi ne mai rumbu uku, mutum mai ƙarancin magana. Mu biyu ne maza a wurinsa, Yaya Lawal da ni. Yaya shi ne ɗan fari, don haka tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. In zai ambace shi sai ya ce da ni “yayanka”, in da Inna yake magana ya ce “wancan”. Ko ido ba ya haɗawa da shi sosai. Mutumin da bai sani ba sai ya ce ba ya ƙaunarsa, alhali mu na gida mun san duk duniya ba wanda ya kai shi a ransa.

Lokacin da labarin kuɗin mai ya cika gari, samari suka fara gangarawa kudu, Yaya ya bi su. Ya sami aikin lebura a wani kamfani da ke shimfiɗa bututu a dajin Fatakwal. Ya bar matarsa Hajara da ciki. Ranar da zai tafi ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, ga amana nan na bari." Baba yana kallon bango ya ce, "Allah ya tsare hanya." Iyakar sallamarsu ke nan. Bayan wata biyar Hajara ta haifi Binta.

Ni kuwa a lokacin na fito daga kwalejin horon malamai, an ba ni aji a firamaren ƙauyen da ke kusa da mu. Ina da keke, ina da biro biyu a aljihun gaba, kuma ina jin duk ƙasar Daura ba mai Turancina. Allah ya yafe mana ƙuruciya.

Sai shekarar fari ta zo, shekarar da naira ta shigo. Ruwan farko ya sauka kamar da gaske, muka yi shuka, ta fito, sai sama ta ɗauke. Tsiron ya ƙone. Muka sake, ya sake ƙonewa. Karo na uku binne muka yi, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran rahama. An fita roƙon ruwa ya fi sau biyar, manya da yara, har da awaki, aka juya riguna, liman ya yi ta kuka. Ruwa yakan zo ya jiƙa saman ƙasa, in ka tona da yatsa ka tarar da ƙura. Geron da ya tsira ya fitar da kai, amma in ka murza zangarniya a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Gyaɗa ko kuɗin irinta ba ta mayar ba. Gonar da shekarar baya ta ba mu dami tamanin, a wannan shekara dami tara muka ɗaure, ni na ɗauko su a kan jaki, sawu biyu.

Azumi ya zo daidai lokacin da ya kamata a ce ana kaka. Ba a ji ƙarar sussuka ba a unguwa. Makiyaya suka yi ta gangarowa daga arewa da shanun da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, saniya takan durƙusa a bakin hanya, mai ita ya tsaya a kanta har ta mutu, ya wuce. Rijiyar garinmu sai da aka ƙara wa guganta igiya sau biyu. Akwai sauran hatsin bara a rumbu ɗaya, da mu kaɗai ne da ya kai mu wani wuri, amma Baba ba ya iya cewa babu. Dangi daga tsallaken iyaka, maƙwabta, tsofaffin da 'ya'yansu suka gudu, kowa ya yi sallama sai an auna masa. Albashina kuwa, in na kai shi kasuwar Zango, hatsin da zai sayo a ƙwarya ɗaya ake ɗauko shi.

Inna ta fara rage mudu. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga nan ya koma kunu, kunun ma ya yi ta tsinkewa har kana ganin gindin ƙwarya. Dusar da a da ake ba akuya, aka fara tankaɗe ta ana haɗawa da tafasa. Mata sukan fita tun da sassafe neman 'ya'yan anza, a jiƙa su kwana uku ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, duk da haka in ka ci sai ka yini kana jin shi a maƙogwaro. Dami biyu na iri kawai aka rataye a saman rumbu, Baba ya ce wanda ya taɓa su bai yafe ba.

Bayan Babbar Sallah wasiƙar Yaya ta iso. Da Turanci take, don inda suke aiki daji ne, ba unguwar Hausawa, ba malamin da zai karanta ajami. An taɓa aika masa ta ajami, ta yi wata huɗu a aljihunsa. Saboda haka akawun kamfanin, wani mutumin kudu, shi ke rubuta wa leburori wasiƙa, in amsa ta zo kuma ya karanta da ƙarfi a gaban kowa, ya fassara musu da guntun Turancin da suke ji.

Na karanta wa Baba da Inna, Hajara tana laɓe a bayan danga tana saurare. Bayan gaisuwa, Yaya ya ce sun ji a rediyo ana fari a arewa. Ya ce a can garin rogo da masara ba su da tsada, kuma manyan motoci na tahowa kullum. Sai ya ce, "Isuhu, kai ne idona. In abin ya yi tsanani a gida ka faɗa mini gaskiya, zan ajiye aikin in taho da abinci da kaina."

Washegari da hantsi Baba ya kira ni zaure in rubuta amsa. Yana kan buzunsa, ya danne bakin igiya da babban yatsan ƙafa yana tufka. Na ɗora takarda a kan littafin nahawuna. Ya jero gaisuwa, ya ce a gaya wa yayana matarsa lafiya, yarinya ta fara haƙori, Inna tana sa masa albarka.

Sai ya ce, "Ka ce masa bara mun ɗaure dami tamanin."

Na rubuta. Na ce, "Bana fa, Baba?"

"Bana mun gode Allah."

A kwaleji muna da wani malami Ba'indiye da ya sha bugun tebur a kan wannan. Yakan ce in ka buɗe magana da bara, ka sa waƙafi, ka ce amma bana, to dole abin da zai biyo baya ya faɗi yadda aka bambanta, in ba haka ba ka loda wa jaki mangala gefe ɗaya. Na iya wannan darasi sosai, na kuma san abin da ke cikin rumbunmu. Sai na sunkuyar da kai na rubuta: amma bana dami tara muka samu, hatsi ya kusa ƙarewa, nonon Hajara ya ja baya, ka taho da abinci. Na yi zaton tunda Baba bai san boko ba, shi ke nan.

Ban lura ya daina tufkar ba. Ya ce, "Miƙo."

Na miƙa masa. Ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya ɗora yatsa a kan layukan yana bi ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga kunyoyin gona.

"Nan ne bara?"

"Nan ne."

"To ni da na zo kan bana numfashi ɗaya na yi. Kai kuma alƙalaminka ya je bango ya dawo, ya sake zuwa. Layi biyu. Me na faɗa da ya cika layi biyu?"

Na fara kame-kame. Na ce ai shi Turanci haka yake, in an ambaci bara sai an faɗi abin da ya faru bana, in ba haka ba maganar ba ta tsaya ba.

Ya ce, "Turancin ne ya haife ka? Karanta mini abin da ka sa, kada ka rage."

Na karanta masa. Ban taɓa yi masa ƙarya ido da ido ba, ranar ma ban iya ba. Da ya buɗe baki ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Isuhu, wannan takarda wa zai karanta ta? Ba baƙo ba ne, a tsakiyar leburori? A tsaya a bainar jama'a a ce gidan su wane dusa ake ci? Mace ɗaya da jaririya ya bar mini. Ya durƙusa a nan inda kake ya ce amana. Yanzu in aika masa in ce na kasa? In miƙa masa hannu, shi?"

Na ce, "Baba, shi ya ce a faɗa masa."

"Zai faɗa mana, ɗa ne. In ya baro aikin nan wani zai hau, ya dawo nan mu zama mu duka muna kallon sama. Wanda ya ba mu tamanin shi ya ba mu tara, ban kuwa aika wa kowa takarda ba ranar tamanin. Sake wata. Kuma ka yi mini alkawari ba za ka aika wani abu a bayan idona ba."

Na yi masa alkawari. Na sake rubutawa, bana mun gode Allah, rabin layi. Ya duba da yatsa, ya gyaɗa kai, ya koma kan igiyarsa. Ta farkon ban yaga ta ba, na tura ta cikin littafin nahawu.

Ranar Asabar na hau keke zuwa gidan waya a Daura, wasiƙu biyu a aljihuna. Rana ta buɗe tun da safe, yashi yana riƙe taya, ko'ina warin mushe, ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in ka zo wucewa. Duk tsawon hanyar nan ina shawara da kaina. Na sayi kan sarki ɗaya. Na tsaya a gaban akwatin wasiƙu har mai gadin wurin ya tambaye ni ko lafiya. Ba wanda zai san wadda na jefa. Amma na tuna Yaya zai sauko daga mota da buhuna, Baba ya juyo ya dube ni. Gaskiyar magana ita ce, na fi tsoron wannan kallon fiye da yunwa. Na manna kan sarki a kan ta Baba, na jefa, na ji faɗuwarta a ciki.

Bazara ta shigo da zafin da ban sake ganin irinsa ba. Ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, yara a aji suna kwantar da kai a kan benci, ba na ko iya tsawata musu. A lokacin ne Baba ya kama azumi. Da ma yakan yi na Litinin da Alhamis, ba wanda ya yi mamaki. Sai ya koma yau ya yi, gobe ya sha. Kafin wata ya ƙare, ranar shan ma sai ya ce ai ya riga ya ɗaura niyya. Mutanen gari suna ta yabo, suna cewa Malam Ibrahim ya kama Allah hannu biyu. A haka yake fita sharar gona, yana tara kara yana ƙonawa, yana kai taki a kan jakin da shi ma da ƙyar yake tafiya.

Ni sakarai ina cikin masu yabon. Sai wata rana na dawo daga makaranta gab da magariba, na shiga madafa neman ruwa, na tarar da Inna tana juye kunun akushin Baba a cikin ƙwaryar Hajara. Abin da ta bar masa bai fi ludayi biyu ba, ta ƙara ruwan tsamiya a kai don ya yi yawa a ido.

Na ce, "Inna, me Baba yake ci?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Abin da ya ce a ba shi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kuka yi takarda. Ya ce mai shayarwa ba ta kwana da yunwa a gidansa. Ita ba ta sani ba, kada ka kuskura ta ji, in ta ji ba za ta ci ba." Ta rufe ƙwaryar da faifai. Sai ta ce a hankali, "Na ga ka tura wata a littafi. Ni ban sa ka ba, ban kuma hana ka ba."

Wannan ita ce dama ta biyu da Allah ya ba ni, kuma na san da ita. Na fara rage nawa kunun ina turawa wajen Baba, ya gane, ya dawo da shi, ya ce mai tsayuwa gaban yara ba ya koyarwa da jiri. Na ce a raina ranar Asabar zan je Daura. Ranar Alhamis sai ruwa ya sauka.

Wanda bai ga farin nan ba ba zai san abin da ruwan nan ya yi wa zukata ba. Ya zo da la'asar, da iska da tsawa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, tsofaffi suka fito tsakar gida suna barin ya dake su. Da safe Baba da kansa ya hau rumbu ya sauko da damin iri. Yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna da Hajara muna binsa muna jefa iri muna rufewa da diddige, Binta a goye. Ranar har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa. Ya juyo ya ce da ni, "Ka gani? Kwana saba'in a ci tumu. Da ka tayar wa yayanka da hankali a banza."

Na yarda, don ina son in yarda. Na ce wasiƙa mako uku take yi a hanya, kafin ya shirya ya iso an kusa kaka. Na bar ta a cikin littafi.

Abin da na manta, ni ɗan manomi, shi ne yunwar damina ta fi ta rani. Gona ta yi kore shar, ido yana ƙoshi, ciki babu komai, ga fartanya tana jira. Ba a yi gayya ba a shekarar, don ba mai abin ciyar da masu taya shi. Kowa da gonarsa. Mukan fita da asuba, ni in yi kunya biyar in wuce makaranta, in bar Baba shi kaɗai da ciyawa. Tafasa da rama suka fito, aka sami na kwaɗo, amma ganye ba ya riƙe mai noma. Ƙafafunsa suka fara kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ya ce sanyin ƙasa ne.

Ana cikin maimai, noma na biyu, gero ya kai ƙirji, wani maƙwabcin gonarmu ya zo makaranta da gudu ya ce in zo. Na tarar da Baba kwance tsakanin kunyoyi, fartanya a hannunsa bai sake ta ba. A kan jaki muka kawo shi gida. Aka nemo madara, aka yanka kazar da ta rage, amma cikinsa ya riga ya manta da abinci, duk abin da aka ba shi sai ya dawo. Malamin asibitin Zango ya zo ya duba shi, ya ba da magani, ya ja ni gefe ya ce jikin ya daɗe da ƙarewa.

Kwana tara ya yi a kwance. A cikin kwanakin ne Binta ta fara tafiya, takan dafa bango ta leƙo ɗakinsa, ƙafafunta ɓul-ɓul. In ya gan ta sai ya tambayi Inna, "Uwarta ta ci?" Ranar ta tara da hantsi ya sa aka kira ni. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na kai kunne.

"Ba ka aika wata ba ko?"

Na ce, "Ban aika ba, Baba."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Kafin azahar ya cika. Mutane suna neman albarkar iyaye su yi ta murna in sun samu. Ni tawa na same ta, shekara hamsin ke nan ina ɗauke da ita, kuma ban taɓa ɗaukar abin da ya kai ta nauyi ba.

Na koma gidan wayar nan na buga wa Yaya wayar tangarahu. Ya iso bayan kwana goma sha biyu, daidai lokacin da yara suka fara gasa tumu a bakin gonaki. Daminar ta yi kyau, geron Baba ya fi na kowa a wannan gefen. Motar ta sauke Yaya da buhunan garin rogo huɗu da wani akwatin ƙarfe. A cikin akwatin akwai bargo mai laushi da agogon hannu, ya saya wa Baba tun watannin baya, bayan ya sami wasiƙarmu hankalinsa ya kwanta.

Sai da aka kwana biyu, masu gaisuwa suka ragu, sannan ya kira ni bayan rumbu da la'asar. Inna ta riga ta gaya masa zancen azumin. Ya ciro wasiƙar daga aljihu, ta yi laushi don ninkewa da buɗewa.

Ya ce, "Sau uku na sa akawu ya karanta mini ita. Da na ji mun gode Allah gabana ya faɗi, ai na san Baba. Na ce ya duba ƙasa, ya duba baya, ko akwai wani abu. Ya ce babu. Sai na ce to Isuhu ne ya rubuta, ni na ce masa shi ne idona. Da akwai wani abu da ya saka."

Na tashi. Na shiga ɗaki na ɗauko littafin nahawu, na zaro ta farkon, na karanta masa da Hausa, tun daga gaisuwa har zuwa ka taho da abinci. Na gaya masa yadda aka yi, da alkawarin, da tsayuwata a gaban akwatin. Ban nemi ya yi mini uzuri ba.

Ya karɓe ta. Ya shimfiɗa su biyu a kan gwiwarsa, shi ma bai san boko ba, sai na ga ya ɗora yatsa yana bin layukan, daidai yadda Baba ya yi, yatsun ma iri ɗaya. Ya tsaya inda suka bambanta.

"Iyakarsa ke nan?"

Na ce, "Iyakarsa ke nan."

"Layi biyu."

"Layi biyu, Yaya."

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, "Kwana huɗu ne a mota, Isuhu." Ya ninke ta Baba ya mayar aljihu, ya miƙo mini tawa, ya tashi ya tafi taya Inna ɗaga buhu.

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Bai koma kudu ba, ya riƙe gonar, mun zauna gida ɗaya shekara talatin ba wanda ya taɓa jin kanmu. 'Ya'yana a hannunsa suka tashi. Abu ɗaya ne kawai: in yana da takardar da za a rubuta masa, sai ya hau keke ya je Zango wurin mai rubutun wasiƙa a bakin kasuwa, ya wuce ni ina zaune a zaure da birona a aljihu. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Binta ta rayu. 'Ya'yanta bakwai, Rabi ce ta biyar. In na dube su wani lokaci sai in ce Baba ya riƙe amanarsa, kuma ya riƙe ta yadda yake so. Wani lokaci kuma in ce da na jefa ɗaya takardar da ya yi fushi da ni wata ɗaya, ko shekara, ko har abada, amma da ya ci tumun gonarsa. Har yau ban iya raba wannan shari'a ba, kuma na daina sa ran zan iya.

Yanzu yaran nan in hadari ya watse sai su ɗauki waya, kafin a yi sallar magariba na Legas ya san halin da gonar gida take ciki. Ba akawu, ba kan sarki, ba mako uku. Amma na lura in an tambaye su yaya damina, har yanzu abin da suke cewa shi ne sai godiya.

"Kaka, ka yi shiru," in ji Rabi. "Ko Turancin ya gudu ne?"

Na miƙa mata littafinta. Na ce, "Rubuta. Ruwa na Allah ne, biro ba ya hana shi sauka. Faɗi abin da kika gani a gona, kada ki rage."

Ta durƙusa ta ɗora littafin a kan gwiwa. Na ga biron ya je bango ya dawo, ya sake zuwa. Amma bana kwana goma sha bakwai ba ruwa, gero ya fara naɗewa, mutane suna tsoro. Ta ɗago ta dube ni.

"Kaka, ya cika har layi biyu. Bai yi yawa ba?"

Na juya fuskata wajen gabas don kada ta ga idona. Na ce mata bai yi yawa ba.